Yadda ake haɗa babbar inbata da batura a gida ba tare da an tafka asara ba

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wallahi na gaji da ganin mutum ya tara kuɗinsa da kyar ya sayi ƙatuwar inbata, an kafe masa ita a bango tana ta ƙyalli, amma ƙarfe biyun dare sai ta fara kuka tit tit tit, kafin ka ce kwabo wuta ta ɗauke, yara sun tashi saboda zafi, abin da ke cikin firji ya fara narkewa, sai a ce ai inbatar ce jabu ko mai haɗawa ne ya cuce shi. Wani lokacin haka ne, amma mafi yawan lokuta ba a yi lissafi bane kafin a shiga kasuwa. Don haka ka nemo takarda da biro ka zauna, aikin daga nan yake farawa.

Da farko ka raba abubuwa biyun nan a kanka domin nan ne mutane suke rikicewa. Inbata ba ta ajiye wuta ko kaɗan. Aikinta kawai ta karɓi wutar batir wadda ake kira DC ta juya ta zuwa irin wutar da kayan gida suke sha wato AC. Batir shine rumbun. Girman inbata yana gaya maka kaya nawa zaka iya kunnawa a lokaci guda, shi kuma girman batir yana gaya maka awa nawa zasu yi a kunne. Na farko da wat ake auna shi, na biyu da wat-awa, wato wat sau awannin da abin ya yi yana aiki, kuma wat-awa 1000 shine kilowat-awa ɗaya da ake rubutawa kWh. Idan ka sayi ƙatuwar inbata mai 10kVA, wato awon girman da ake rubutawa a jikinta, ka ɗaura mata ƙananan batura biyu, kamar ka yi wa rumbu ƙofa mai faɗin gaske ne alhali hatsin da ke ciki kwano biyu ne.

Mataki na farko, ka zagaya gidanka ɗaki ɗaki ka rubuta duk abin da kake so ya ci gaba da aiki idan an ɗauke wuta. Kowane kayan wuta akwai ɗan rubutu a bayansa ko a ƙarƙashinsa da ke nuna wat ɗinsa, idan amfiya aka rubuta, wato adadi mai harafin A, sai ka ninka da ƙarfin wutar gidan, wato bolt mai harafin V, misali 2A sau 230V ya ba ka wat 460. A gaban kowanne ka rubuta awa nawa yake yi a kunne a yini, kuma dan Allah ka faɗi gaskiya, kar ka rubuta awa 3 wa talabijin ɗin da ka san tun safe ake kunna ta har dare. In ka samu ƴar mitar nan da ake sokawa a soket tana nuna abin da kaya ke sha ta fi komai, musamman ga firji, saboda injinsa ba ya aiki kullum, yana tashi yana kwanciya ne.

Bari mu ɗauki misalin gida guda mu bi shi har ƙarshe. Kwan fitila LED guda 10 masu wat 10, awa 6, wat-awa 600 kenan. Fanka 4 masu wat 70, awa 10, ya zama 2800. Firji mai wat 150 da injinsa ke aikin kamar awa 10 in an tattara, 1500. Talabijin da dikoda wat 120, awa 5, 600. Cajin wayoyi da kwamfuta da na'urar intanet mu ce wat 100 na awa 5, 500. Injin tura ruwa sama mai wat 750, awa 1, 750. Sai iyakwandishan ƙarama mai shan kamar wat 800, awa 5 da dare, 4000. In ka tara duka zaka samu 10,750, wato kusan 11kWh a yini. Ka duba da kyau, iyakwandishan ita kaɗai ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku, su kuma fankokin da ake raina wa sun zo na biyu. Shi ya sa nake yawan cewa kafin ka ƙara batir ka fara rage ɓarna, canza fanka mai wat 70 zuwa irin masu shan wat 30 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen batirin da zai ciyar da tsohuwar har asuba.

Mataki na biyu zaɓen inbata. A nan ba ruwanka da awanni, wat kawai zaka tara na abubuwan da zasu iya haɗuwa a kunne lokaci guda. A misalinmu 100 da 280 da 150 da 120 da 100 da 750 da 800 sun ba da 2300. Wata rana wani zai jona dutsen guga mai wat 1200 ba tare da ya tambayi kowa ba, mun kai 3500. Ka ƙara kashi 25 cikin 100 na numfashi domin ba a son inbata ta riƙa aiki a maƙura, ka ga mun doshi 4400, toh inbata mai 5kW, wato wat 5000, ce daidai gidan nan. Yanzu ka lura da wani tarko, kVA daban kW daban. Da yawa cikin inbatoci ana rubuta 5kVA da manyan baƙi amma ainihin abin da zata iya ɗauka 4kW ne saboda ana ninkawa da 0.8, wasu kuma 5kVA ɗinsu 5kW ne cif. Ka juya takardar bayanin ka nemi inda aka rubuta wat, shine gaskiyar magana.

Sannan akwai fizgar tashi. Duk abin da ke da mota a ciki, firji, firiza, injin ruwa, tsohuwar iyakwandishan, lokacin da zai tashi yana fizgar wuta ninki 3 zuwa 7 na abin da yake sha in ya daidaita, na ɗan daƙiƙu kaɗan ne amma ya isa ya sa inbata ta kashe kanta. Injin ruwan nan mai wat 750 zai iya neman 3000 ko fiye a daƙiƙar farko. Yawancin inbatoci suna iya jure ninki biyu na ƙarfinsu na ƴan daƙiƙu, ka duba wannan adadin ma. Masu ƙaton taransifoma a ciki, irin masu nauyin nan da sai mutum biyu sun kama, sun fi jure wannan fizgar, amma sun fi shan wuta a zaune. Marasa nauyin sun fi tsimi, sun fi araha, sai dai ba su da haƙuri da manyan motoci. Idan gidanka akwai injin rijiyar burtsatse ko wani injin aiki, ni dai zan ce ka karkata ga mai taransifoma ko ka ƙara girman mara nauyin sosai.

Abu biyu kuma kar ka sassauta a kansu. Na ɗaya ta zama mai fitar da tsaftatacciyar wuta, wadda a kwalinta zaka ga an rubuta pure sine wave. Ɗaya nau'in mai arha da ake rubuta modified wutarta a kakkarye take, zaka ji fanka tana gurnani, injin firji yana zafi, a hankali yana mutuwa. Na biyu ka tambayi wat nawa take sha ita kanta ko ba a kunna komai ba. Babbar inbata tana iya shan wat 50 ko fiye tana zaune, in ka ninka da awa 24 ka ga 1.2kWh ya tafi kullum ba tare da ka kunna ko kwan fitila ba. Wannan ne dalilin da ya sa sayen wadda ta fi ƙarfin buƙatarka nesa ba burgewa bane, ciyar da ita zaka yi ta yi. In da hali ka ɗauki irin da ake kira haibirid, wadda ta haɗa inbata da cajar wutar layi da cajar sola a akwati ɗaya, tana rage yawan kebul da yawan wuraren da matsala zata ɓulla.

Mataki na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe domin shine bambancin ƙaramin haɗi da babba. Wat daidai yake da bolt sau amfiya. In kana son jan wat 5000 daga batir mai 12V, amfiya kusan 417 zasu bi ta kebul, wannan kuwa sai kebul mai kaurin babban yatsa, kuma duk inda aka samu ɗan sako-sako sai ya yi zafi har ya narke. A 24V ya koma 208, a 48V ya koma 104 kacal. Zafin da ke ɓacewa a kebul kuwa ba ninki ɗaya yake bi ba, in ka rage amfiya zuwa kashi ɗaya cikin huɗu asarar tana raguwa sau 16. Saboda haka duk abin da ya haura 3kW kar ma ka tsaya jayayya, 48V zaka yi. Na sha ganin wanda ya fara da 24V don ya rage kuɗin batura, bayan shekara ɗaya yana son ƙari sai ya tarar dole ya canza inbatar gaba ɗaya, garin neman gira aka rasa ido.

Mataki na huɗu batir, inda mafi yawan kuɗin yake tafiya. Iri biyu ne a gabanka. Akwai na dalma, tsohon hannu, tun 1859 wani Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi, a cikinsa akwai mai ruwa dogon nan da ake ƙara wa ruwa da kuma rufaffu irin su AGM da jel. Sai na litiyom, kuma wanda ya dace da gida shine LiFePO4, wanda aka fara bayyana shi a ɗakin binciken John Goodenough a jami'ar Texas ta Amurka wajajen 1996 zuwa 1997, mutumin da daga baya ya samu kyautar Nobel a 2019. Wannan nau'in ya fi sauran ƴan uwansa na litiyom jure zafi kuma ba ya saurin kamawa da wuta, shi ya sa ya mamaye harkar ajiyar wuta a gidaje.

Bambancinsu na gaskiya shine nawa zaka iya ɗiba. Batirin dalma in kana son ya yi kwana rabinsa kawai zaka riƙa sha, in kana tatse shi har ƙasa kullum cikin watanni zai fara gazawa. Litiyom kuwa zaka sha kashi 80 zuwa 90 cikin 100 kullum kuma masu kyau suna yin zagayen caji dubu 3 zuwa dubu 6, alhali na dalma ɗaruruwa ne zuwa dubu ɗaya da wani abu in an kula da shi sosai. Ga shi yana saurin cika, ba a ƙara masa ruwa, ba ya fitar da iska mai kamawa da wuta a aikinsa na yau da kullum. Tsadarsa a ranar saye ce, amma in ka raba kuɗin da shekarun da zai yi sai ka ga na dalma ne mai tsadar. Ni ra'ayina a fili yake, in wuta zata riƙa shiga tana fita kullum ka daure ka sayi litiyom ko da ƙarami ne ka ƙara daga baya. Na dalma yana da wurinsa, gidan da wuta ba ta cika ɗaukewa ba, batir yana zaune a cike sai jefi jefi.

Yanzu lissafin girmansa. In kana da sola, batir dare kawai zai ɗauka, don haka ka ware abin da ake sha daga faɗuwar rana zuwa hantsi. A gidan misalinmu fitilu 600, fanka 2000, firji 900, talabijin 600, caji 300, iyakwandishan 4000, jimla 8400. Inbata tana zubar da kamar kashi 10 cikin 100 wajen juya wutar, ka raba da 0.9 ya zama 9300 da ɗoriya, ka ƙara 700 na abin da ita kanta zata sha cikin awa 14, mun tashi a 10kWh. Idan litiyom ne ka raba da 0.8, kana buƙatar 12.5kWh. Batir ɗaya mai 51.2V da 100Ah, Ah ɗin nan amfiya sau awa ne, yana ɗauke da 5.12kWh, guda uku kenan, ko kuma babba guda ɗaya mai 280Ah wanda ya kai 14.3kWh. Idan na dalma ne sai ka ninka 10 ɗin sau biyu, 20kWh, shi kuwa 12V mai 200Ah yana da 2.4kWh, guda takwas ma 19.2kWh ne, sun ɗan gaza, kowanne kuma nauyinsa wajen kilo 60, ka ga kusan rabin tan zaka jibge a ɗaki. Kar ka bari a ruɗe ka da Ah shi kaɗai, 200Ah a 12V da 200Ah a 48V ba ɗaya bane, ninki huɗu ne tsakaninsu, kullum ka ninka da bolt.

Akwai wani abu da ko masu haɗawa da yawa suna mantawa. A cikin kowane batirin litiyom akwai ƙwaƙwalwa mai gadinsa da ake kira BMS, ita ke hana shi wuce gona da iri wajen caji ko tatsa ko zafi, kuma tana da iyakar amfiyar da zata bari ya fita. Wani batirin 100Ah iyakarsa 100A, wani 50A ne kawai, wato wat 2500 da ɗan kai. In ka haɗa irin wannan guda ɗaya da inbata 5kW, ranar da aka jona guga da injin ruwa tare batirin ne zai katse, kai kuma kana ta zargin inbata. Ka kuma tambayi ƙwayoyi nawa ne a ciki, kowace ƙwaya 3.2V ce, masu 16 suna ba da 51.2V, masu 15 suna ba da 48V, saitin cajinsu ba ɗaya bane kuma ba a haɗa su wuri guda. Sannan ka ɗaga shi ka ji, batirin 5kWh na gaskiya yana kai kilo 40 zuwa 50, in ka ji shi sakayau kamar jakar makaranta toh akwai lauje cikin naɗi, ko tsofaffin ƙwayoyi ne ko adadin da aka rubuta ƙarya ne.

Mataki na biyar abin da zai cika rumbun. Gidanmu yana shan kusan 12kWh a yini in an haɗa da cin inbata. Rana tana iya yini a sama amma awannin da take da cikakken ƙarfi a yawancin wurare 4 ne zuwa 6, mu ɗauki 4.5, sannan ƙura da zafi da kebul suna cin kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ka raba 12 da 4.5 sannan ka sake rabawa da 0.75, zaka samu 3.5kW da ɗan kai, farantan sola 7 masu wat 550, ni zan sa 8 saboda ranakun hadari. Cajar solar ta zama irin da ake kira MPPT, wadda ke tatso iyakar wutar da faranti zai iya bayarwa. Abin da zaka kiyaye da ranka shine iyakar bolt ɗin da ƙofar sola ta inbatar zata iya ɗauka. Farantin wat 550 yana ba da kusan 50V in ba a ɗora masa komai ba, guda 8 a jere, wato fositib na wannan a haɗe da negatib na wancan, 400V kenan, kuma da sanyin safiya wannan adadin hawa yake yi, zai iya doshi 440V. In iyakar inbatarka 500V ce lafiya lau, in 450V ce ka matse da yawa, in kuwa irin masu 145V ce biyu biyu zaka jera su, in ba haka ba ranar farko zata ƙone kuma babu garantin da zai karɓe ta. Wanda ba shi da sola sai wutar layi ko janareta, ya lissafa awa nawa wutar ke zama, 10kWh a cikin awa 4 yana buƙatar caja mai ba da 50A ko fiye.

Wurin ajiya ba sai na ja ba. Inuwa, iska tana shiga tana fita, ba ɗakin kwana ba, ba kusa da tukunyar gas ba, ba inda ruwa zai taɓa ba. Zafi shine babban maƙiyin batir, na dalma duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin in yana caji, kar a rufe shi a akwati kuma kar a kafa inbata daidai samansa. Litiyom kuma ba a cajinsa in sanyi ya kai ƙasa da sifili. Ka bar wa inbata fili sama da ƙasa da gefe yadda takardarta ta ce.

Mataki na shida haɗawa, kuma a nan ina roƙonka, in ba sana'arka bace ka kira ƙwararren mai aikin wuta, kai dai ka san abin da ya kamata ka gani don kar a yi maka aikin gangan. Kebul tsakanin batir da inbata ya zama na jan ƙarfe zalla, ba alminiyam da aka shafa wa ja ba, ka kankare bakinsa ka gani. Ga inbata 5kW a 48V kar ya gaza 35mm², kuma gajere iya yadda zai yiwu, mita ɗaya zuwa biyu. Kawunan a matse su da abin matsewa na gaskiya, ba a buga da guduma ba, ba a murɗa da filaya ba. A kan kebul ɗin fositib, dab da batir, dole a sa fiyus ko bireka ta DC mai kamar 125A zuwa 150A. Na ce ta DC da gangan, domin wutar AC tana sauka sifili sau 100 ko 120 a kowace daƙiƙa, tartsatsinta yana mutuwa da kansa, ita kuwa DC ba ta sauka, in ka sa mata birekar AC tartsatsin zai iya riƙewa ya ci gaba da ci har birekar ta kama da wuta. Batirin litiyom in aka haɗa bakinsa biyu bisa kuskure dubban amfiya yake zubowa, sifana tana iya narkewa a hannunka, don haka a cire zobe da agogo, a naɗe kayan aiki da tef.

In batura sun fi ɗaya, kafin a haɗa su gefe da gefe, wato fositib da fositib, negatib da negatib, a caja kowanne ya cika, a auna a ga bolt ɗinsu ya yi kusan daidai, in ba haka ba mai ƙarfin zai afka wa mai raunin da wuta mai yawa. Kebul ɗin kowanne zuwa sandar haɗi ya zama tsayi ɗaya kauri ɗaya, in babu sandar a ɗauki fositib daga na farko, negatib daga na ƙarshe, don kar ɗaya ya riƙa ɗaukar wahalar sauran. Ba a haɗa dalma da litiyom, ba a haɗa tsohon batirin dalma da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa ya tsufar da shi.

Tsarin kunnawa kuma a jere yake. Komai a kashe, a auna da mita a tabbatar fositib na wurinsa negatib na wurinsa, sau biyu. Batir ake fara haɗawa, kuma da yake manyan inbatoci suna da wasu ƴan ma'ajiyar wuta a ciki da ake kira kafasito masu zuƙar wuta farat ɗaya, ana fara ɗan shayar da su ta ƙaramar rezisto, wato abin rage gudun wuta, na ƴan daƙiƙu don kar a yi tartsatsi ko BMS ta ɗauka gajeren haɗi ne ta rufe, wasu baturan suna yin wannan da kansu. Sai a kunna inbata ba kaya a kanta, sai sola, sai wutar layi, kayan gida su ne na ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya. Wajen kashewa a bi ta baya.

Ta ɓangaren gida, a raba allon birekoki biyu, kayan da zasu hau inbata daban, masu cin wuta irin su hitar ruwa da murhun lantarki a bar su a layi. Sannan abin da ya shafi rai, kar a taɓa bari wutar inbata ko janareta ta koma kan layin waje. Wani ma'aikaci yana can kan turke ya tabbata an kashe wuta, kai kuma kana tura masa daga gidanka. A sa makunnin sauya layi na ƙwarai. A kafa sandar ƙasa a haɗa jikin inbata da ƙarafunan sola da akwatin batir, a sa abin kare tsawa ta ɓangaren sola da na layi, a sa birekar nan mai 30mA da ke katsewa in wuta ta ja mutum, kuma a danna maɓallin gwajinta lokacin da gidan ke kan inbata, domin a wasu haɗin tana aiki a wutar layi amma ba ta aiki a batir in ba a daidaita nutural da wayar ƙasa ba.

Mataki na bakwai saiti, wanda mutane suke bari yadda ya zo daga kamfani sai batir ya mutu a banza. Abu na farko ka gaya wa inbata wane irin batir ne. In litiyom ne kuma suna jin yaren juna, a haɗa kebul ɗin sadarwa ta CAN ko RS485 batirin ya riƙa faɗa mata abin da yake so, wannan ya fi komai, shi ya sa tun kafin saye ake duba jerin baturan da inbatar ta sani. In ba sa ji sai a sa da hannu, kuma takardar batirin ita ce alƙali. Ga mai ƙwaya 16 iyakar ƙarshe 58.4V ce amma ba dole sai an kai can ba, 56V zuwa 56.8V yana cika shi ba tare da takura ba, a tsayar da tatsa a wajen 48V, a kashe cajin daidaitawa mai ƙarfin nan domin na batir mai ruwa ne. Ga na dalma kowane 12V yana son kamar 14.4V na cikawa da 13.6V na riƙewa, sai ka ninka da huɗu tunda guda huɗu ake jerawa su ba da 48V, amfiyar caji kuma kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na Ah ɗinsa. Yawancin inbatoci suna zuwa da wurin katsewa a 42V, wannan tatsewa ce har ƙashi, ka ɗaga shi zuwa 46V ko 47V. Sai zaɓin wanda za a fara sha, SBU yana nufin sola sannan batir sannan layi, ya dace da mai son rage kuɗin wuta, SUB kuma yana ajiye batir a cike sai layi ya ɗauke, ya dace da inda wuta ba ta da tabbas.

Daren farko kar ka yi barci da wuri. Ka kunna kayan da ka lissafa, bayan awa ɗaya ka auna zafin kawunan kebul da birekoki, ɗumi kaɗan ba komai, amma in wani wuri ya fi sauran zafi ko ka ji ƙaurin roba a kashe a sake ɗaurewa. Ka rubuta kashi nawa batir yake da magariba da kuma da safe na kwana bakwai, ka gwada da lissafin takardarka, in sun yi nisa da juna akwai abin da ke shan wuta a ɓoye ko batirin bai kai abin da aka rubuta ba, gara ka gano tun garanti na da rai. Litiyom bolt ɗinsa kusan a tsaye yake daga kashi 20 zuwa 90, don haka kar ka auna cikarsa da bolt, kuma ka bar shi ya cika fal aƙalla sau ɗaya a mako ko biyu don ƙwayoyin su daidaita lissafin kashi ya dawo daidai. Mai ruwa a duba shi duk wata, ruwan batir tatacce kawai ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan famfo ba, kuma kar ya kwana biyu a sauke ba caji. Bayan wata ɗaya a kashe komai a sake bin duk notinan da sifana domin jan ƙarfe yana saki in ya sha zafi da sanyi, a busa ƙurar fankar inbata, faranti kuma a wanke su da sassafe kafin su ɗau zafi.